Waken Mairo a Ɗakin Sanyi

Sabon Gari, Wudil,
6 ga Maris, 1977.

Zuwa ga aminiyata Safiyatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam da yara duka. Yaya ƙafar Inna, ta fara taka ta kuwa? Mu nan lafiya, sai zafin bazara da ya fara leƙowa, wanda ke da kike Jos kin manta kamanninsa.

Kin ce in ba ki labarin sabon ginin da aka yi mana a tashar binciken iri, wai kin ji ana yabonsa. To, ga shi. Bene ne, gabansa gilashi tun daga sama har ƙasa, yana fuskantar yamma, don kada rana ta wahala wajen nemanmu in ta karkata. Tagoginsa ba sa buɗuwa. Ba lalacewa suka yi ba, haka aka zana su, domin na'urar sanyaya ɗaki ce za ta riƙa ba mu iska. Na taɓa ganin hoton irinsa a wani littafin gine-gine, a ƙasar da ƙanƙara ke zuba rabin shekara. Su can tarko suke kafa wa rana don ta shigo ta zauna. Mu da ta ishe mu, mun ɗauki kuɗin fetur mun sayo tarkon mun kafa a Wudil.

Wutar gari kuwa kin san halinta, ta zo ba sallama ta tafi ba sallama. Akwai babban janareta a baya, amma yana shan gas kamar raƙumin da ya iso rijiya, kason da ake ba mu na wata ba ya kai mu ko'ina. Saboda haka hantsi na ɗagawa kowa zai ɗauki kujerarsa ya koma gindin tsamiya. Murja mai buga tafireta ta kai teburinta can tun makon farko. An tokare ƙofofi da duwatsu, an rataya jiƙaƙƙun buhuna a bakin matakala. Ofishin shugabanmu kaɗai, Alhaji Gwadabe, ke da sanyi kullum, don shi an ja masa waya daga wani ɗan ƙaramin inji.

Ni duk wannan bai dame ni ba, don ba can nake wuni ba. Har yanzu irin da nake kula da shi yana tsohon sito na ƙasa, wanda aka gina tun zamanin En'e. Bangonsa kauri kamar ganuwa, rufin azara, 'yan tagogi can sama. In kin shiga da azahar sai ki ji kamar kin tsoma hannu a randa. Iri abu ne mai rai, Safiyatu, barci kawai yake yi. Zafi da laima su ke tashinsa ya ƙone ƙarfinsa a banza, ranar shuka a tarar ba kowa a ciki.

Kin tuna shekarar fari, da na riƙa bin ƙauyuka ina roƙon iri kafin yunwa ta sa a cinye shi? Yawancin abin da ke siton nan daga can ya fito. A ciki akwai wanda ya fi tsaya mini a rai. Wata tsohuwa ce a Darki, sunanta Mairo, tana da wani ƙaramin farin wake mai nuna da wuri, tun gero bai isa yanka ba, shi ke raba gidansu da yunwar tsakiyar damina. Wurin uwar mijinta ta gaje shi. Na same ta jikoki sun kewaye tukunyar da ba komai a cikinta sai ganye. Ta ba ni wani ɗan gora da ta cika bakinsa da toka, abin da ya rage mata ke nan. Na ce mata zan shuka, in ninka, in dawo mata da shi. Tun daga lokacin na bincika Utai da kasuwar nan da duk inda ƙafata ta kai, ban sake ganin irinsa wurin kowa ba.

Ban cika alkawarin ba har yau. Filin da muke sabunta iri a cikinsa shi ɗan kwangila ya zube wa tsakuwa da siminti, damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Bana an ce za a ba ni wani filin. Abin da nake nema kawai shi ne waken nan ya kai faɗuwar ruwa da ransa, don ya tsufa, ba zai jure wata wahala ba.

Yanzu hedikwata ta ce za ta turo injiniya daga Kano ya auna sabon ginin: wutar da yake ci, ko mazaunansa na jin daɗinsa, da yadda suke zama da shi. In sakamako ya yi kyau, za a rushe tsohon sito a mai da iri wani ɗaki marar taga a cikin ginin, wanda suka sa wa suna ɗakin sanyi. Hankalina kwance yake. Ma'aunin zafi ba ya jin kunyar kowa.

Ki gaishe mini da Inna da kyau, ki ce ina mata addu'a. Yara suna gaida 'yan'uwansu.

Taki,
Barakatu.


Sabon Gari, Wudil,
27 ga Maris, 1977.

Safiyatu aminiya,

Takardarki ta iso ran Laraba. Na ji daɗin jin Inna ta fara zagaya tsakar gida da sanda, Allah ya ƙara sauƙi. Ina fata sauran mutanen gida lafiya. Mu ma lafiya, maigidana Malam Ya'u yana gaishe ku ke da Malam.

Na ce miki ma'aunin zafi ba ya jin kunya. Na manta cewa mutane ne za su riƙe shi.

Injiniyan ya zo. Sunansa Ƙasimu, ɗan wajen Gaya, yaro mai ladabi, ya yi karatu a Ingila bai dawo da girman kai ba. In zai gaishe ni sai ya rusuna. Ladabin nan nasa shi ne masifar farko. A ganinsa bai dace ya faɗo wa dattijo kamar Alhaji Gwadabe ba sanarwa ba, sai ka ce ya zo kama ɓarawo. Don haka duk ranar da zai zo sai ya aiko da saƙo tun da wuri.

Alhaji Gwadabe kuwa ba mugu ba ne. Da mugu ne da na san yadda zan yi da shi. Mutum ne da ba zai iya barci ba in ya ji baƙonsa ya yi gumi. Saƙo na isowa sai a fito da gas ɗin da aka yi makonni ana tsiminsa, a ta da janareta tun da sassafe. A kwashe duwatsun ƙofa, a sauke buhuna, a dawo da kujeru daga gindin tsamiya. Kafin Landirobar Injiniya ta shigo, ginin ya yi sanyi har Murja tana lulluɓa da mayafi biyu. A aika bakin kogi a sayo kifi, a dama fura. Shi kuma ya zagaya da ma'aunansa ɗaki ɗaki, ya rubuta, ya ci kifi, ya yi godiya. Alhaji ya rako shi har mota ya rufe masa ƙofa da hannunsa, ko gaisuwar kirki ba a bari ka yi da shi kai kaɗai. Motar ba ta kai titi ba an kashe janareta, kowa ya ɗauki kujerarsa.

Kada ki ɗauka yaudara aka shirya. Na yi wa Alhaji magana, ya dube ni da mamaki na gaske. Ya ce ɗan mutane ya taso tun daga Kano cikin wannan rana, a bar shi ya dahu? Ya ce baƙonka annabinka. Na ce ai ba ziyara ya zo ba, awo ya zo. Ya ce ko awo ya zo, a gidanmu ya sauka.

Sai batun tambayoyi. Yana da wani fom mai gurabe, tun daga zafi ƙwarai har zuwa sanyi ƙwarai. Yakan zauna da kowane ma'aikaci a ofishin Alhaji, Alhajin na gefe yana jan carbi, ya tambaye shi yadda yake jin zama cikin ginin. Mutanen da ke tsine wa gilashin nan kullum a gindin tsamiya, ɗaya bayan ɗaya suka ce alhamdulillahi. Da ya matsa wa masinja kan batun zafi, sai ya ce, ranka ya daɗe, ai lokacinsa ne. Direba ya ce wanda aka gina wa bene kuma ya ce me? Injiniya ya riƙa sa alama a gurbin tsakiya, inda aka rubuta daidai. Shi ma fa Bahaushe ne. Ya san ko rufin ɗaki ne ya faɗo wa mutum, in ka ce yaya gida, lafiya lau zai ce maka. Amma wanda ya tsara fom ɗin bai bar gurbin kara ba, shi kuma ba a koya masa ƙara gurbi ba.

Ni ba a tambaye ni ba. Na nemi a ba ni fom ɗin, ya ba ni haƙuri, wai tunda a tsohon sito nake aiki ba na cikin mazauna ginin.

Abu ɗaya ya rage da na sa wa rai. Ya bar wata na'ura mai kama da agogon tebur, da ɗan alƙalami da ke zana zafin ɗaki a jikin takarda dare da rana. Ya ajiye ta a ɗakin sanyin ya ce zai dawo ya ɗauka. Na ce a raina, wannan kam ba ta cin kifi. Da na leƙa washegari ba ta nan. Na same ta a ofishin Alhaji, bisa kabad, an shimfiɗa mata ɗan ƙyalle. Ya ce kayan baƙo amana ne, ga shi kuma mai tsada, ya shiga ɗakin can ya ji ya yi zafi, ya ji tsoron kada ta lalace. Ran da Injiniya zai dawo aka mai da ita inda ya bar ta, an goge ta tsaf. Na ga layin da ta zana. Ko da rula ba zan iya miƙe shi haka ba.

Na yi dariya a wurin har Murja ta zaci kuka nake. Za a yi taro in ya gama aikinsa, a can ba mai hana ni magana.

Ki shafa mini kan yara. Allah ya bar zumunci.

Aminiyarki,
Barakatu.


Sabon Gari, Wudil,
17 ga Afrilu, 1977.

Safiyatu,

Ina gaisuwa, ina kuma fata kuna lafiya, da Inna da Malam da yara. Na gode da dankalin da kika aiko ta hannun direban nan, ya iso bai lalace ba. Mu nan jiki lafiya.

An yi taron. Aka jera kujeru a babban ɗakin sama, janareta na ruri a baya. Injiniya ya karanta abin da ya samu. Ginin, in ji shi, ya ba da mamaki, gas ɗin da ya sha bai kai rabin abin da masu zane suka ƙiyasta ba. Wannan gaskiya ne, injin da ba a tayarwa ba ya shan mai. Mazauna sun gamsu. Ɗakin sanyi yana riƙe sanyinsa ba hawa ba sauka. Aibi ɗaya ya gano, shi ne mu. Ya ga shatin duwatsu a bakin ƙofofi da ƙusoshin da ake rataya buhu, ya gane ana barin ƙofa a buɗe sanyi yana zurarewa. Ya ba da shawara a wayar wa ma'aikata da kai, a kuma kulle ɗakin sanyi, mabuɗi ya zauna hannun shugaba kaɗai, don kada a riƙa shiga da fita.

Na miƙe. Ban ɗaga murya ba. Na faɗi ranakun da ake ta da janareta, na faɗi inda na'urarsa ta kwana, na ce in yana son sanin zafin ginin nan ya zo ranar da ba a san da zuwansa ba. Injiniya ya dubi takalmansa. Na ga kunya ta kama shi, amma ba kunyar awonsa ba ce, kunyar an ci fuskar mai masaukinsa ce a gabansa. Ya juya ya tambayi sauran ko haka ne. Malam Isyaku, mataimakin shugaba, ya ce ai ba a rasa ɗan abin da ba a rasa ba, amma dai an gode Allah. Sauran suka ce haka ne. Ya rubuta cewa ma'aikaciya ɗaya ta nuna rashin gamsuwa.

Bayan an tashi Alhaji ya kira ni ofis. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Malama Barakatu, ba a kwance wa gida zani a gaban baƙo." Ya ce in akwai gyara, mu gyara tsakaninmu. Murja ta same ni a gindin tsamiya ta ce duk abin da na faɗa haka yake, amma wa zai iya duban idon Alhaji, mutumin da ya tsaya mata tsayin daka lokacin rasuwar ubanta? A gida Malam Ya'u ya ce gaskiyata ce, sai dai da na bi ta hannun wani dattijo. Kowa ya ba ni gaskiya, amma a ɓoye, kamar ana miƙa mini kayan sata.

Na rubuta wa hedikwata. Amsar da ta zo ita ce an zaɓe ni in je Kano kwas na mako guda, kan yadda ake adana iri a ɗakunan zamani. Na je, don umarni ne. Malamin ya karanta mana littafin da ke kan kantata tun shi yana firamare. Da na dawo jiya na tarar da fili fetal inda sito yake. Katafila ta gama aikinta cikin wuni guda. An ce sai da ta ja da baya ta sake dawowa kafin bangon gabas ya yarda ya faɗi.

Iri yana ɗakin sanyi, a kulle. Ban gan shi ba. Na bi Alhaji har gida na roƙi mabuɗi, ya ce shawarar Injiniya ce, yanzu ta zama doka, amma in kwantar da hankalina, ɗakin kamar filas yake, in ya ɗauki sanyi sau ɗaya ya ɗauka ke nan. Ya yi alkawarin zai buɗe mini da kansa in ya dawo daga Legas. Gobe zai tashi, taro ne wai na 'yan kwanaki. Ya sa aka kawo mini lemo.

Ki sa waken Mairo a addu'a, ko da za ki ji abin ya yi miki banbarakwai. A gaida kowa.

Taki,
Barakatu.


Sabon Gari, Wudil,
15 ga Mayu, 1977.

Aminiyata Safiyatu,

Bayan gaisuwa, yaya gida, yaya Inna da ƙarfin jiki? Ki yafe mini jinkirin amsa, ba mantuwa ba ce. Mu lafiya, hadari ya fara haɗuwa yana watsewa.

'Yan kwanakin Alhaji sun zama makonni. Taron ya haifi wani taron, mabuɗin kuma yana aljihunsa tare da na motarsa. Janareta ya tsaya gaba ɗaya, wani ƙarfe ya karye a cikinsa, sabon yana jirgin ruwa yana bin layi bayan jiragen siminti. Wutar gari takan zo ta sanyaya ɗakin ɗan lokaci ta ɗauke, wannan kuwa ya fi rashin zuwanta muni, don sanyi in ya sauka zafi ya biyo baya, komai gumi yake yi. Kullum la'asar nakan je in ɗora tafin hannu a ƙofar. Kamar murfin tukunya. Na ce wa Malam Isyaku a ɓalle ta. Ya ce ƙofar gwamnati ce, kuma shi ba zai yi wa Alhaji haka a bayan idonsa ba. Na tambaye shi ko zai sa hannu cewa shi ya hana, ya ce Allah ya ba mu haƙuri.

Shekaranjiya Juma'a na shiga kasuwa, sai ga Landirobar hedikwata wajen 'yan tumaki. Injiniya Ƙasimu ne, an yi masa haihuwa, ya zo sayen ragon suna. Na yi masa barka, na tambayi mai jego. Sannan na ce ƙafata na ciwo, ga shi na bar jakata a tasha, ko zai rage mini hanya? Ƙafata lafiyarta lau, Allah ya yafe mini. Na dai san yaron da ke rusuna mini ba zai iya cewa a'a ba. Da muka isa ya so ya juya, na ce ba a kawo babba har ƙofa a tafi ba a sha ruwa ba.

Tun kafin sallar Juma'a aka tashi aka rufe ginin, rana ta yi wuni tana dukansa. Mai gadi ya buɗe mana. Kafin mu kai ƙarshen baranda rigar Injiniya ta manne a bayansa. Na nuna masa ƙofar na ce ya taɓa. Ya taɓa, ya janye hannu. Sannan ya aiki mai gadi ya kira Ɗantani kafinta, ya ce shi ya ba da izini, a kwance ƙofar.

Warin ne ya fara fitowa, irin na dusar da ruwa ya taɓa. Sai na ga abin da ban sani ba. Leburorin da suka kwaso irin sun ga bai dace a shigar da tukwane da goruna ɗaki mai tayil ba. Sun juye komai cikin sababbin gwangwanaye masu sheƙi, sun kuma tankaɗe tokar, wai ƙazanta ce. Tokar nan ita ke hana ƙwari. Allah ya sa dai sun manna sunayen daidai. Na buɗe na Mairo, ƙwari suka taso mini a fuska.

Ya ce, "Malama, me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

Na ce, "Na gaya maka. Ka rubuta ni mutum ɗaya."

Bai kare kansa ba, wannan kam na yaba masa. Ya ce rahoton ya riga ya wuce, har an amince a yi irin ginin a wasu tashoshi, amma zai sake rubutawa. Na ce ya rubuta, amma yanzu ya naɗe hannun riga. Mu muka kwashe gwangwanayen, ni da shi da mai gadi da Ɗantani, muka loda a bayan mota, ragon suna na tsakiya yana kuka. Yanzu suna tsohon ɗakin ƙasa na marigayiya uwar Malam Ya'u. Na shanya, na tsince, na mai da toka. Waken rabinsa duk huji ne, amma akwai masu kyan gani. Gobe zan fara gwajin tsiro, in jera ƙwayoyi a jiƙaƙƙen ƙyalle in ga wanda zai farka.

Zan sanar da ke. Ki gaida Malam da yara.

Taki,
Barakatu.


Sabon Gari, Wudil,
3 ga Yuli, 1977.

Safiyatu,

Sallama da gaisuwa. Yaya ruwa a wajenku, yaya Inna? Nan damina ta zauna, gero ya yi kore, kogi ya fara cikowa. Muna lafiya.

Alhaji ya dawo. Da aka gaya masa abin da ya faru ransa ya ɓaci ƙwarai, har idonsa ya kawo ruwa. Abin da ya fara tambaya shi ne ko an ba Injiniya abinci ran nan. An mai da ƙofa. Ƙasimu ya cika magana ya sake rubutawa, hedikwata ta yi masa godiya ta ce an riga an buga na farko. An manna takardu a ƙofofi ana gargaɗi kada a tokare su. Muna karantawa in za mu wuce gindin tsamiya.

Dawa ta tashi, kaura da farfara, ba duka ba amma da dama. Gero rabi da rabi. Gyaɗa ta tafi, amma ita akwai ta wurin mutane, ana iya sake nema. Na shuka abin da ya rayu a filin da aka ba ni.

Waken Mairo na jera shi a ƙyalle, ya kumbura ya ruɓe. Na ce ko ƙyallen ne, na gwada a tukwane da yashin kogi. Shiru. Da ruwa ya zauna na shuka duk abin da ya rage a bayan gida, ƙwaya ƙwaya da hannuna, na kewaye da ƙaya saboda kaji. Na jira har lokaci ya wuce, na ƙara jira. Sannan na tona. Ɓawo ne kawai.

Malam Isyaku ya ce a aika mata da masinja da buhun waken zamani daga ajiyar tasha, ba sai na wahala ba. Na karɓi buhun, don za su ci, amma na tafi da kaina jiya Asabar.

Ta tsufa sosai, idonta ya yi rauni, da murya ta gane ni. Ta sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo ruwa. Ta tambayi maigidana da 'ya'yana da gajiyar hanya. Na bari ta gama. Sannan na gaya mata, tun daga rushe sito har zuwa tonon da na yi, ban ce Allah ne ya kawo ba, don na san waɗanda suka kawo. Ta tambaya ko ƙwaya ɗaya ba ta rage ba. Na ce ba ta rage ba. Ta yi ta shafa bakin tabarma, har na ɗauka ta gama da ni.

Sai ta ce, "Ranar da kika zo, niyyata in dafa wa Auta shi da yamma. Kika ce za ki ninka."

Ban tambaye ta wane ne Auta ba, balle ina yake. Yara suna wasa a tsakar gida, babu wanda ya ɗago kai da jin sunan.

Na bar buhun a zaure na fito.

Kada ki rubuto mini haƙuri, an ba ni wanda ya ishe ni. Ki rubuto mini labarin Inna da karatun yara. Gobe Litinin, akwai noma a filin dawa. Allah ya tsare ku.

Ni ce,
Barakatu.